Hoton da Ya Hana Ni Cin Kasuwa

Hatsi nake saye da sayarwa, tun ina tura baro har Allah ya kai ni ga cika mota. Gidana yana Ƙanƙara, amma abincina yana kasuwannin Faskari da Sabuwa, don can masara take. Ina da ɗabi'a guda: in mutum ya sayi buhu a hannuna, ni nake ɗaure masa a babur da kaina. Buhu in ya faɗi a hanya ya fashe, wanda ya sayar ake zagi.

Wata ranar kasuwa a Sabuwa wasu makiyaya da na san iyayensu suka sayi gero. Na duƙa ina jan igiya, wani ya ɗauke ni hoto ban sani ba. Ba a jima ba ƙanena ya same ni a zaure, ya miƙo mini wayarsa. Ga ni nan, hula ta karkace, na dafa babur. A ƙasa an rubuta wai ni ne mai kai wa 'yan bindiga abinci daji.

A yankinmu irin wannan magana ta wuce zagi. Ita take sa a sauke mutum daga mota a hanya, kuma ba kowa ke komawa gida ba.

Ban ruɗe ba. Na bi sawu har na gano wanda ya fara sa hoton a dandalin zumunta: wani mai cajin waya ne a bakin kasuwar, magidanci da 'ya'yansa. Na kai ƙara wurin sarkin kasuwa, ya sa aka kira shi, ya tambaye shi a gabana.

"Kai ka ɗauki hoton ga?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ga Alhaji cikin daji?"

"A'a. Ji na yi ana faɗi."

"Wa ke faɗi?"

"Mutane."

"Mutane ba su da suna? To ni ma na ji mutane na cewa cajinka na kashe batir. In sa a yi shela?"

Aka yi dariya, har ni. Mutumin ya durƙusa ya ba ni haƙuri, ya goge hoton a gabanmu. Sarkin kasuwa ya sa aka zagaya da lasifika ana faɗin cewa ƙarya aka yi mini. A wurinmu in an yi haka magana ta mutu.

Sai dai hoton ya riga ya bar Sabuwa. Masu neman mabiya sun kwafe shi. Wani a wani gari mai nisa, wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, ya ɗora masa murya da kiɗa. Kamfanin dandalin kuma, da ya ga ana kallo, sai ya riƙa tura shi wayar waɗanda ba su nema ba.

Ƙanena ya nuna mini inda ake danna ƙorafi. Na danna. Amsa ta zo da Turanci, matarsa da take koyarwa a firamare ta karanta mini: sun duba, ba su ga abin da ya saɓa ƙa'idarsu ba.

"Wa ya duba?"

"Yaya, ina jin ba mutum ba ne, na'ura ce."

"Tana jin Hausa?"

Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa.

Na je Funtuwa wurin lauya. Mutumin kirki ne, bai ja ni da nisa ba. Ya ce kamfanin ba shi da ofis kusa da za mu kai masa sammaci, sai dai in bi masu yaɗawa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu kuma sunan ƙarya suke amfani da shi.

Duk da haka na ci gaba da fita, har ranar da aka tsayar da motarmu a wani shinge kusa da Daudawa. Ɗaya daga cikin masu tsaron ya leƙo, ya dube ni, ya ciro wayarsa, ya sake dubana. Ya ce in sauko. Allah ya taimake ni, wani dattijo cikinsu yana kasuwa ranar da aka yi shelar, shi ya tsaya mini. Muna isa tasha direban, wanda muka daɗe tare, ya ja ni gefe.

"Alhaji, kayanka zan ɗauka ko'ina. Amma kai dai ka yi mini haƙuri. Ina da iyali."

Ban ji haushinsa ba. Da ni ne, haka zan yi.

Ni ba na neman a rufe dandalin, kuma ba na so a hana mutane faɗin gaskiya a kan masu mulki ko a kan 'yan kasuwa irina. Amma mai mudu ma in ya tauye akwai wanda zai kira shi. Kamfanin da yake cin riba da wayoyinmu ya kamata doka ta tilasta masa ya ajiye mutum mai jin yarenmu, wanda za ka zauna gabansa ka ce wannan hoto zai iya sa a kashe ni, ya saurara.

Yanzu ƙanena ke cin kasuwa a madadina. Ni ina zaure, yana turo mini hoton masara ta wannan dandalin dai, ina ciniki da masu saye ta cikinsa, don babu wata hanyar da suke bi. Ni da nake tauna ƙwaya in san bushewarta, sai in ƙura wa gilashin waya ido in yi ta canke. Da kaka ta kama hoton ya sake tasowa, da sabuwar murya a kansa. Na danna ƙorafi, na kife wayar a tabarma, sannan na sake ɗauka, don ƙanena yana jiran in ce masa ya saya ko ya bari.