Rumfar Dattijon Liba da Muka Gada a Intanet

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zan manta da bazarar shekarar da albasa ta yi albarka har ta zame mana abin kuka. Zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Mu matan da muka gama ajin yaƙi da jahilci tare a Aliero mun haɗa hannu mun sayi albasa, muka adana a rudu, wato rumfar karan da ake jera ta don ta sha iska. Sai kasuwa ta faɗi. Wanda ya san albasa ya san ba ta shiri da danshi. Ruwa na sauka, wahalarmu ta ruɓe.

Ɗiyata ta fari tana karatun kwamfuta a lokacin. Wata ranar Juma'a ta zauna kusa da ni tana murmushi, ta ce ta saya mana adireshi a intanet. Na ce ta yi mini bayani da Hausar da zan gane.

"Inna, kin san rumfar da mai ita ya tashi a kasuwar Jega, amma masu saye ba su daina biyo hanyarta ba? To, haka wanga adireshi yake. Na wata ƙungiyar manoman albasa ne da ta watse. Wa'adinsa ya ƙare, ba su sabunta ba. Shafuka da yawa har yanzu suna nuni zuwa gare shi, shi ya sa duk wanda ya nemi albasar Aliero a waya, shi ke fitowa a sama."

Ta sa hotunan albasarmu da lambar wayata. Ba a daɗe ba kuwa waya ta yi ƙara. Wani ɗan kasuwa ne daga kudu, da Hausarsa mai ɗan karkata, yana son albasa cikin mota guda. Amma da ya ji muryar mace sai ya tambaya, ina Alhaji shugaban ƙungiya, wanda ya saba saye a hannunsa? Ɗiyata tana ta yi mini alama da hannu in ce muna tare. Ni kuwa na ce masa ban san Alhajin ba, mu wasu mata ne daban. Sai ya kashe waya.

Ranar na ga fushin ɗiyata. "Haba Inna! Mi za ki rasa in kin ce e? Adireshin nan da kuɗi na saye shi, ba sata na yi ba!"

Na bari ta huce, sannan na ce mata a wurinmu ko saurar gona mutum ya bari ta yi shekaru, ba ka sa fartanya sai ka je ka gaida mai ita. Ta ce intanet ba gona ba ce. Na ce amma hanyar da ta kawo mai sayen nan, ƙafar wani ce ta taka ta.

Muka yi ta tambaya wurin dillalai har aka ce mana Alhajin yana garin Liba, ya tsufa, ya bar harkar. Ni da ɗiyata muka hau mota zuwa Maiyama, daga nan muka hau mashin. Mun same shi a zaure yana gyaran igiyar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya yi dariya har da tari.

"Yanzu ke, baiwar Allah, tun daga Aliero kika zo neman izinin rumfar da ko ni ban taɓa ganinta da ido ba? Yara ne suka buɗe mana ita." Ya dubi ɗiyata. "Ke kuma malamar zamani, albasar taku ta bushe da kyau, ko ganye za ku aika wa mutane da sunana?"

Ta sunkuyar da kai, ta nuna masa hotunan. Ya duba, ya yi tambayoyi, sannan ya karɓi wayata ya kira ɗan kasuwar da kansa. Na ji yana cewa, "Ni na tashi, amma waɗanda suka zauna mutanen kirki ne. Aiko a duba kayan."

A mota ɗiyata ta gyara shafin, ta rubuta a sama cewa tsohuwar ƙungiya ta daina aiki, yanzu matan Aliero ne a wurin. Ta ba ni na karanta da kaina, a hankali, baƙi bayan baƙi.

Abin da na koya shi ne, ba laifi ba ne ka ci moriyar hanyar da wani ya share, amma in baƙo ya iso, ka faɗa masa sunanka na gaskiya. Washegarin dawowarmu da sassafe, hadari na haɗuwa, na kira matan muka shiga rudu muna tsince albasa, don kada ko ɗaya mai tabo ta shiga buhun ɗan kasuwar.