Ba Wannan Ruben Ɗin Ba

'Ya'ya mata huɗu doña Petrona ta haifa wa don Hilario Albarracín kafin namiji ya zo, kuma duk garinmu babu wanda bai san yadda abin ya tsaya masa a rai ba. Ba wai ba ya son 'yan matan ba ne, shi ke tasa su gaba zuwa coci ranar Lahadi. Amma idan ya ɗan kurɓa a kantin kusurwa sai ƙorafi ya tashi: "Ni wa zai gaji addata? Siriki?" Don Hilario mai saran rake ne kamar ubansa, a gonakin da ke gindin tsauni, kudu da birnin Tucumán.

Lokacin da aka haifi yaron, sunan Ruben ne ke tashe. Akwai wani mawaƙi a rediyo mai wannan suna, akwai wani ɗan ƙwallo, sai iyaye mata suka yi masa caa. Doña Petrona ta ce ita ma shi take so. Don Hilario ya so a ce Hilario ƙarami, don haka ransa a ɓace ya shiga kantin don Natalio, Bayahuden da ke sayar da yadi, zai sayi farin ƙyallen baftisma.

"Wai ta nace sai Ruben," in ji shi. "Sunan da ko ma'anarsa ban sani ba."

Don Natalio ya ajiye almakashi yana dariya. "Ai namu ne kuka ara, don Hilario. A harshen kakannina idan aka ce Ruben, cewa aka yi: ku duba, ɗa namiji! Kai da ka jera mata huɗu, wa ya fi ka cancantar sa?"

Don Hilario ya fita bai ko ɗauki ƙyallen ba, sai da aka bi shi da shi. Ranar duk wanda ya gamu da shi a hanya sai da ya ji fassarar.

Sai dai ba shi kaɗai ya yi wannan dabara ba. Da yaron ya shiga makaranta, su biyar ne Ruben a aji guda. Malama ta kira ɗaya, biyar su miƙe. Dole aka raba su da laƙabi: akwai Dogo, akwai Jatau, akwai Ɗan Limamin Coci wanda ko kusa ba ɗan limami ba ne, akwai Ruben Olea da ake ce wa Mai Baki. Namu kuwa aka ce masa Shiru, domin sai ya wuni bai ce uffan ba.

Shiru bai gaji adda ba. Ƙurar rake na tayar masa da asma, sai ya koyi gyaran keke, ya buɗe ɗan shago a bakin hanyar masana'antar sukari, inda ma'aikata ke wucewa safe da yamma. Don Hilario ya yi fushi na wata ɗaya, daga baya ya koma zama a benci a ƙofar shagon, yana gaya wa mutane cewa duk lardin babu mai ɗaure taya kamar ɗansa.

Abin mamaki, babban abokin Shiru shi ne Mai Baki. Olea ya shiga masana'anta, ya zama na gaba-gaba a ƙungiyar ma'aikata, mutum ne da ko da bango zai iya yin musu. Kullum idan an tashi aiki sai ya jingine jan kekensa a shagon, a zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ganyen shayin da ake sha a yankinmu, su riƙa miƙa wa juna.

"Takwara, kai fa Allah ya ba ka baki ne don cin abinci kawai," Olea zai ce.

"Ai kana yi mana mu biyu."

"To ranar da zan yi aure kai za ka yi jawabi. Ina so a tashi da wuri."

Shiru ne ya riga shi aure. Ya auri Zulema, 'yar wani mai gasa burodi, mace mai fara'a da ta ce ta zaɓe shi ne don gidansu hayaniya ta yi yawa. Tana da ciki wata bakwai sojoji suka cika yankin. Motocinsu suka tsaya a kowace mararraba, mutane suka fara ɓacewa, aka koyi magana ƙasa-ƙasa ko a cikin gida.

Wata ranar Talata da safe Olea ya kawo kekensa, ya ce sarƙa na zamewa, zai dawo da yamma. Bai zauna ba, bai yi ba'a ba, kuma Shiru bai tambaye shi dalili ba. Da rana tsaka, ya kifa jan keken yana murza feda, wata mota marar lamba ta tsaya. Mutum uku suka fito cikin kayan gida.

"Kai ne Ruben?"

"Ni ne," in ji shi, yana goge hannu da tsumma.

Ɗayansu ya kalli keken, ya kalli 'yan uwansa, ya gyaɗa kai. Abin da aka gaya musu ke nan: Ruben mai keke ja, ana samun sa a shagon keke. Don Hilario, da ke kan benci, ya miƙe yana cewa, "Yallaɓai, ɗana ne, gyara kawai yake yi," aka ture shi ya faɗi a kan tayoyi. Maƙwabta na leƙe ta tagogi, babu wanda ya fito.

Abin da ya faru a inda suka kai shi, Shiru bai taɓa ba da labarinsa a jere ba. Zulema ce ta tsinci guntu-guntu cikin shekaru. An ɗaure masa ido. Ana tambayar sa taro, da sunaye, da inda aka ɓoye kaza da kaza. Yana cewa, "Albarracín nake, ba Olea ba, ba wannan Ruben ɗin ba ne," su ce, "Duk haka kuke faɗa." Suka tambaye shi inda Olea yake. Bai sani ba. Da ya sani da ya faɗa, kuma shi da kansa bai taɓa ɓoye wannan ba. Ba a daɗe ba suka gane kuskurensu, domin ya ji wani daga cikinsu na zagin wani a kan an kawo masa mai faci. Amma sakin sa na nufin amsa cewa sun yi kuskure, sai suka tura shi kurkuku a can kudu, inda sanyi ke ratsa ƙashi.

Don Hilario ya bi bariki-bariki da hularsa a hannu. Ko'ina amsa ɗaya ce: babu mai wannan suna a nan. Wani ma cewa ya yi, "Baba, Ruben nawa ne a ƙasar nan? Je ka gida." Tsohon ya koma gida, ya daina zuwa kanti, ya daina cin abincin kirki. Bai kai kakar rake ta biyu ba ya rasu.

Shekara ta uku na ƙarewa aka sako Shiru, ba bayani, ba ban haƙuri. Ya sauka daga bas da yamma, ya rame kamar kara, kunnen hagu ya toshe, yatsu uku na hannun dama sun karkace ba sa lanƙwasuwa. Ya tsaya a ƙofar gidansa ya kasa ƙwanƙwasawa. Daga ciki sai ya ji muryar Zulema ta ɗaga:

"Ruben! Zo nan maza!"

Kafin ya san abin da yake yi ya juya ya fuskanci bango, ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannaye a baya, yadda aka koya masa. A haka Zulema ta same shi da ta fito neman ɗan da ta haifa bayan an tafi da shi, wanda ke wasa da gwangwani a bayan gida. Ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Sai da aka kwana biyu ya tambaye ta. "Me ya sa kika sa masa sunana?"

"Na ɗauka ka mutu," in ji ta. "Babanka ma ya roƙe ni. Ya ce kada sunan ya fita daga gidan."

"Da kin bari ya fita."

Bai ƙara tayar da zancen ba, amma bai taɓa kiran yaron da sunansa ba. "Kai," yake ce masa, ko "yaro". Yana son sa, kowa ya shaida. Da karkatattun yatsunsa ya haɗa masa ƙaramin keke daga tarkace, ya shafe shi da shuɗin fenti. Amma sunan ba ya fita daga bakinsa, kuma idan Zulema ta ƙwala kira a tsakar gida sai ka ga kafaɗunsa sun ɗaga. Yaro kuwa ba ya gane irin wannan. Abin da ya gani shi ne ubansa ba ya son ambaton sa. Wata rana, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Baba, ni fa ina da suna." Shiru ya ce, "Na sani," ya ci gaba da ɗaure waya.

Garin ma bai sauƙaƙa masa ba. Waɗanda suka ga an tafi da shi, suka kuma san sarai wa ake nema, su ne ke cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Da yawa suka koma kai kekensu wani shago. Bencin ƙofa ya zama na kaji.

Bayan sojoji sun sauka daga mulki da 'yan shekaru, Olea ya dawo. Ashe tun ranar Talatar nan ya tsallake iyaka a bayan motar lemo, ya ƙare a Mexico, ya yi aure, ya yi teɓa, gemu ya yi fari. Ya zo shagon da hantsi, ya tsaya daga waje yana juya hula.

"Takwara."

Shiru ya juyo masa da kunnen da ke ji. "Ka yi ƙiba."

"An gaya mini ana nema na, shi ya sa na bar keken don a ɗauka ina gari. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa kai..." Mai Baki ya matse hular a ƙirjinsa. "Ka yafe mini."

"Kekenka Zulema ta sayar, madarar yaro ta saya. In shi ka zo karɓa, ka makara."

"Ba ka ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Wannan kunnen lafiyarsa lau."

Ya ɗora buta a kan risho, ya zuba mate, ya miƙa masa. Olea ya sha, ya miƙo, ya sake karɓa. Suka zauna har ruwan ya huce. Da zai tafi ya ce zai dawo kafin ya bar gari. Bai dawo ba, Shiru kuma bai neme shi ba. Zulema ta tambaye shi ko ya yafe. Ya ce, "Ban sani ba. Na dai ba shi mate."

Yaron ya girma ya tafi Córdoba, ya zama direban motar kaya, yana zuwa sau ɗaya a shekara, wani lokaci ba ya zuwa. Kafin nan sunan ya daina tashe. Ka shekara ba ka ji an yi wa jariri baftisma da shi ba. A asibitin gari, idan ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce "don Ruben", tsofaffi uku ne ke dafa sanda su yunƙura, kowa da takardar awon jininsa. Dogo ya riga ya mutu, Jatau kuma ido ya tafi.

Da matar ɗansa ta haifi namiji, suka kawo jaririn gari. Ana cin empanada, wato gasasshen ƙullun fulawa mai nama a ciki, a tsakar gida, wata 'yar uwar Zulema ta ce ai da an sa masa sunan kakansa.

"Haba, inna!" in ji matar ɗan tana dariya. "Ruben ai sunan tsofaffi ne. Wa zai sa wa jariri? Yara su yi ta yi masa dariya a makaranta. Bautista muka sa."

Kowa ya shiga satar kallon Shiru. Shi kuwa ya karɓi jaririn, ya kwantar da shi a kan hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kallon sa.

"Bautista," in ji shi. "Bautista. Ya yi kyau." Ya yi ta maimaitawa, yana rausaya shi.

Ɗansa, wanda shekara talatin da wani abu bai taɓa jin nasa sunan a wannan bakin ba, ya ajiye farantinsa ya tashi, ya ce zai duba tayar mota. Bai shigo ba sai da aka kwashe kwanuka.

Zulema ta rasu da sanyin shekarar da ta biyo. Shiru ya ci gaba da buɗe shago duk da babura sun kore kekuna, yana zama a ciki, wani lokaci ya wuni bai taɓa sifana ba. 'Yan uwansa mata biyu da suka rage su ke aiko masa da abinci. Lokacin ƙona gonakin rake, sa'ad da baƙar toka ke sauka a kan shanya da rufin gidaje, asmarsa ta tashi, aka kai shi asibiti, bai fito ba. Aka buga wa ɗansa waya, yana can hanyar Mendoza da lodin siminti. Ya iso washegarin jana'iza, ya tsaya a maƙabarta na ɗan lokaci, ya ba yayar babansa makullin shago, ya ce ta yi yadda ta ga dama da kayan ciki.