Inna da Mai Lambun Kumbo

Shekarar da aka yi wa Inna aikin gwiwa, ta baro Argungu ta zo jinya gidana a Birnin Kebbi. Mace ce da ba ta saba zama ba. Sana'arta gumin shinkafa, kullum tana tsakanin murhu da wurin shanya. Da likita ya hana ta tafiya, sai ta koma faɗa da kowa, har da fankar ɗaki.

A lokacin na samu wani tsohon shirin talabijin na Turawa da nake matuƙar so ina yarinya, lokacin da muke cika falon maƙwabcinmu a Argungu mu kalle shi. Wani mai tura finafinai a kasuwa ne ya zuba mini shi a kwamfuta. Labarin wasu mutane ne a cikin kumbo, sun ɓata hanya a sararin samaniya suna neman komawa gida. Idan na dawo daga makarantar da nake koyarwa, nakan zauna kusa da katifar Inna in kunna.

Da farko ko kallo ba ta yi. Wata rana bayan la'asar sai na ji ta ce, "Wanga tsoho mi yake yi da ganye cikin jirgi?"

Tsohon da take nufi shi ne mai kula da lambun kumbon. Doguwar riga gare shi mai aljihu da yawa, ba ya son surutu, kuma shi ke noma abincin da kowa ke ci a ƙarƙashin fitilu. Na yi mata bayani. Ta gyara kwanciya ta ce in mayar baya ta gani da kyau.

Daga ranar na zama tafinta. Inna ba ta jin Turanci, amma ba ta yarda in taƙaita mata magana. In mutum ya yi dogon jawabi na fassara da kalma biyu, sai ta ce, "Bakinshi ya daɗe yana motsi, ɗiyata. Faɗa mini duka." Shugabar kumbon, wata mace mai furfura, ita ce Hajiya a wurinta. Matuƙin kuwa ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, ta ce yana da gaggawa irin ta 'yan kabu-kabu. Amma mai lambu ya fi kowa. Ranar da wata halitta ta shiga ta cinye masa shuka, Inna ta ƙi cin tuwo sai da na rantse mata cewa ya ɓoye iri.

Gwiwa ta warke ba mu kai ƙarshe ba. Ta koma Argungu, na ɗauka maganar ta wuce. Bayan kwana kaɗan sai ga kiranta, ina jin hayaniyar mata a bayanta. Ashe ta ba abokan aikinta labarin tun daga farko suna juya shinkafa a kan tabarma, kuma ta kai inda saninta ya tsaya.

"Suna tambaya ko mutanen ga sun isa gida," in ji ta. "Ke taho da na'urar."

Ranar Asabar na shiga mota da kwamfuta a jaka. Na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Matan unguwa sun zo, har da wata ƙawar Inna da ta taso daga Gulma. Na ɗora kwamfutar a kan turmi. Wannan karon ban sha wahalar fassara ba, domin da na faɗi jimla ɗaya Inna ke karɓewa ta ƙara nata. Da mai lambu ya bayyana, matan suka yi ta nuna shi kamar sun ga ɗan'uwa. Haka na riƙa zuwa duk ƙarshen mako har damina ta kama.

Akwai abin da na sani ban faɗa musu ba: shirin ba shi da ƙarshe. Masu yinsa sun dakatar da shi tun da daɗewa. A kashi na ƙarshe kumbon ya hango wata duniya mai ruwa, mai lambu ya tsaya a taga riƙe da kwandon iri, sai rubutun sunayen masu shirin ya hau.

"Sa na gaba," in ji Inna.

"Babu na gaba, Inna. Nan suka tsaya."

Ta dube ni. "Suka bar mutane a sama?"

Na ce haka ne. Ƙawarta ta Gulma ta tambaya ko za a iya kiran tsohon a ji yadda aka ƙare. Na ce wanda ya fito a matsayinsa ya rasu shekaru da yawa. Inna ta ce, "Allah sarki," ta tashi ta je ta kwashe shanyarta saboda hadari ya haɗo.

Da na koma Argungu bayan sallah, na ji wata maƙwabciya tana ba yaranta labarin, tana cewa kumbon ya sauka a bakin wani gulbi, mai lambu ya yi shuka, Hajiya ta raba wa kowa fili, matuƙin kuma aka ba shi kwalekwale. Na tambaye ta inda ta ji haka. Ta ce ai Inna ce ta faɗa musu, kuma duk unguwar haka aka san shi.