Wayar da Ta Tsayar da Mu a Hanyar Fashaga

Mun tashi daga Gadarif da asuba, ana idar da salla, mu uku. Ni ke tuƙi, yayana yana gefena, babbar 'yata kuma tana baya a takure tsakanin buhunan wofi da jarkokin ruwa. Ga masu bibiyata da suka yi ta tambayar ina na shige kwana biyu, to ga inda na je.

Yayana yana da 'yar gonar riɗi a ƙasar Fashaga. Ma'aikata sun yanke riɗin, sun jingina shi dami-dami ya bushe, saura kaɗewa. Riɗi kuwa ba ya jira. Da zarar ya bushe sai bakinsa ya buɗe, iska kaɗan ta zubar da shi ƙasa. Wakilin gonar ya bugo waya cewa garin abincinsu ya ƙare, ba buhu ba tamfol, ga wata gona tana kiran mutanen. In yamma ta yi ba su ga kaya ba, za su kama hanya. Shi ya sa muka loda gari da mai da albasa da busasshen kifin nan da ake kira kajek, muka ɗora tamfol a saman mota muka ɗaure.

Motar tsohuwar jif ce mai shan fetur. Ita kaɗai muka fito da ita daga Khartum a shekarar 2023, kuma da ita nake ciyar da gida yanzu, ni da na yi rayuwata ina koyarwa a aji. Tun farkon damina ta ɓullo da wani hali. Ana cikin tafiya lafiya sai ta mutu. A murɗa makulli, injin ya yi ta juyi ba ya kamawa. A zauna, a yi salati, a sake murɗawa, ta tashi kamar ba ita ba. Gareji uku na kai ta. Na farko ya canja fulogi, na biyu ya canja matatar mai, na uku ya cire famfon mai ya sa sabo. A gaban kowannensu kuwa ba ta taɓa yin ko tari ba.

Daga Gadarif zuwa Shuwak kwalta ce, ko da yake manyan motoci sun ci gefenta. Hagu da dama dawa ce iya ganinka, kawunanta sun fara ja. Mun wuce tireloli cike da ma'aikatan girbi, kowa da laujensa da ƙullin kayansa, wasu na barci a zaune. A shingen bincike aka duba takardunmu, aka leƙa buhuna, warin kajek ya sa aka sallame mu da wuri.

A Shuwak muka karya kumallo. Ful ne, wato dafaffen wake, da man riɗi da burodi mai zafi, sai gahawar jabana mai citta a wurin wata mai shayi da ta ji muna Hausa ta amsa mana da Hausa. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suke, ita kuwa ko Gadarif sau biyu ta taɓa zuwa. Kuɗin kofi ɗaya yanzu, a da da shi mutum zai ci ya ƙoshi. Yayana ya yi ta mita a kan haka, amma kofi uku ya sha.

Daga nan muka bar kwalta. Ƙasar Fashaga baƙa ce, in ta jiƙe ta zama danƙo, in ta bushe ta tsage har ƙafar mutum ta shige. Taraktocin damina sun bar ramuka sun sandare kamar dutse. Ba mu yi rabin sa'a muna girgiza ba mota ta mutu. Muka jira kaɗan ta tashi. Muka ƙara gaba, ta sake mutuwa, ta sake tashi. Karo na uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a fili fetal inda ba gida ba bishiyar kirki, ta mutu ta ƙi tashi.

Na buɗe gaban mota na tsaya ina kallo, irin kallon da direba ke yi don kada a ce bai yi komai ba. Yayana ya ce zafi ne, a zuba wa injin ruwa. Ya ɗaga waya sama yana neman layi, babu.

Sai 'yata ta fito. Tana shekara ta huɗu a jami'a, tana karatun injiniyan lantarki, lokacin da yaƙi ya tashi. Tun zuwanmu Gadarif ba ta cika magana ba. Takan koya wa yaran maƙwabta lissafi, ta taya uwarta aiki, shi ke nan. Da ta ce za ta biyo mu, na ɗauka gona take son gani.

Ta ce, "Baba, ba zafi ba ne. Ranar Juma'ar da ta ƙi tashi a ƙofar gida, da sanyin safiya ne."

Ta buɗe wayarta ta nuna mini. Ashe duk ranar da na dawo gida ina ba uwarta labarin abin da mota ta yi mini, ita tana rubutawa: wace hanya ce, wane lokaci, mai nawa ke tanki. Ta ce a kan kwalta sau ɗaya tak ta taɓa mutuwa, shi ma bayan na faɗa rami. Sauran duk a hanyar gona ne, ko washegarin dawowa daga can.

Ta ce, "Girgiza ce ba ta so. Akwai abin da ke haɗuwa yana rabuwa."

Ta sa na murɗa makulli rabi kawai, ba tare da tayar da injin ba, ita kuma ta durƙusa ta kara kunne kusa da tankin mai. Ta ce in mota lafiya take, famfon mai yakan yi ɗan gurnani na ɗan lokaci da an murɗa. Shiru. Na sake, shiru. Yayana ya ce to ai sabon famfon ne na banza. Ta ce, "Wataƙila, Baffa. Amma bari mu ga ko wuta na isa gare shi tukuna."

Ta duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Ta ciro katawut na famfo, wato ɗan akwatin nan da ke sakar masa wuta, ta musanya shi da na hon tunda iri ɗaya ne. Hon ya yi kuka da na famfon, famfo bai motsa da na hon ba. Ta ce to wannan ma ya fita daga zargi. Ba mu da na'urar awo, sai ta cire ƙwan fitilar cikin mota, ta yanki waya biyu daga wata tsohuwar cajar yayana, ta ɗaura masa. Ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta tattare mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta shige ƙarƙashin mota.

Ni ina sitiyari ina murɗa makulli in ta ce murɗa. Can na ji ta ce wuta na zuwa, ƙwai ya kama. Tana cikin lalube a wurin, ta ce in sake murɗawa. Sai ga gurnanin famfo. Na ƙarasa murɗawa, mota ta tashi.

Yayana ya yi kabbara ya faɗa kujera. "Fito, ɗiyata, mu tafi! Allah ya yi miki albarka."

Daga ƙarƙashin mota ta ce, "Baffa, ban gyara komai ba. Da kanta ta tashi."

"To ba shi ke nan ba? Rana tana tafiya!"

"In muka tafi haka, za ta sake mutuwa inda ta fi nan nisa. Ku ba ni lokaci kaɗan in kashe ta da hannuna. In na iya kashe ta, na san ciwon."

Nan fa hankalina ya rabu biyu. Ga yayana, noman shekararsa guda yana tsaye a fili, kuma bai taɓa roƙona abu na ƙi ba. Ga injin yana aiki, abin da muka yi sa'a guda muna roƙon Allah. A ce kuma a kashe shi da gangan. Na dubi ƙafafunta da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, duk baƙar ƙasa. Na ce, "Yaya, mu ba ta." Ya fita ya koma gefe ya juya mana baya.

Ta fara bin wayoyin famfo ɗaya bayan ɗaya tana jijjigawa, injin na ta aiki. Ta taɓa wannan, ba komai. Ta taɓa waccan, ba komai. Sai ta kai ga wata baƙar waya da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota, can bayan taya. Tana motsa ta, injin ya yi tari ya mutu. Ta danne ta da yatsa ta ce in tayar, ta tashi. Ta saki ta ja kaɗan, ta mutu. Sau uku ta yi haka. A na ukun yayana ya riga ya dawo ya durƙusa yana leƙe.

Ta ce wannan ita ce wayar ardi, wadda wuta ke bi ta koma jikin mota bayan ta gama aiki a famfo. Notin ya saki, tsatsa da busasshen laka sun cika wurin. In ta taɓa ƙarfe famfo ya yi aiki, in rami ya girgiza ta ya tsaya. Sifana mai lamba goma ta nema. Ta kwance notin, ta kankare tsatsar da bakin wuƙar yanka albasa har ƙarfe ya yi fari, ta ɗaure tamau. Sannan ta sa na tayar, ta kama wayar ta yi ta ja da ƙarfi. Injin ko gezau.

Daga nan har gona, ramukan da suka fi na baya muni muka bi, mota ba ta ce uffan ba. Mun isa bayan la'asar. Wasu daga cikin ma'aikatan sun riga sun ɗaure kayansu suna zaune a kai. Da suka ga gari da tamfol suka kwance. Kafin magariba an shimfiɗa tamfol an fara kaɗe damin farko, riɗi na zuba fari tas da wani sauti kamar yayyafi. Aka tuƙa tuwon asida da miyar kajek, muka ci da su a kwano ɗaya. Akwai Hausawa a cikinsu, akwai mutanen yamma, akwai na ƙetaren iyaka, kowa da irin Larabcinsa. Yayana da bakinsa ya ba su labarin, har da ƙari, don a nasa labarin sau bakwai ta kashe motar. Wakilin gona ya kawo mata shayi da kansa yana cewa, "Tafaddali, ya bashmuhandisa," wato bismilla, babbar injiniya. Ta sunkuyar da kai tana dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna gidanmu na Khartum.

Washegari da hantsi muka juyo, ni da ita, yayana ya tsaya sai an gama awo. A hanya ta yi ta magana. Ta bayyana mini yadda wuta ke zagayawa a mota, na gane rabi, na yi ta gyaɗa kai a sauran kamar yadda ɗalibaina suke yi mini a da. Da muka shigo Gadarif ta ce mu biya ta wajen masu kayan gyara, tana son ƙaramar na'urar awon wuta. Muka shiga wani shago. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Me ake nema, ya Haj?"

Na ce, "Tambayi injiniya. Ni direbanta ne."

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini game da mota ba shi da yawa, amma ga shi ga mai irin matsalata: ka riƙa lura da lokacin da take mutuwa da irin hanyar, ka saurari famfo, kada ka yarda a yi ta canja kaya ba a gano ciwo ba, kuma in ta tashi da kanta kada ka ɗauka ta warke. Ɗaya darasin shi ne ya fi nauyi. Mun fito daga Khartum ina lissafa abin da muka rasa, har na sa karatun yarinyar nan a ciki, ban taɓa tambayarta ba. Ashe yana nan tare da ita, ba wanda ya ƙwace shi. Uwarta ta tare mu a tsakar gida, ta ga mayafin ya yi baƙi ƙirin da mai da laka, ta buɗe baki za ta yi faɗa. Na ce ta zauna tukuna, ta ji abin da 'yarta ta yi.