Sandar Golf a Tsakar Gidanmu

Akwai wata yamma a ƙarshen damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Gero ya fara nuna a lokacin, amma shekarar ta zo mana da nauyi. 'Yan uwanmu na Kurya ba su samu yin noma yadda suka saba ba, ga kuma maigidana, wanda duk rayuwarsa a kasuwar hatsi ta Kaura ya yi ta, ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, magana ta dawo, ƙafa tana ɗan takawa, sai dai hannun hagu ya yi sanyi. Likita ya ce in ba ya motsa shi kullum, zai sandare ke nan har abada. Shi kuwa ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba ƙwallon roba ya yi ta matsawa. Ya samu kujera a gindin darbejiya ya zauna. Na yi lallashi har na gaji, ni kuma dama ba mai ɗaga murya ba ce.

Ana nan sai babban ɗana ya zo duba shi daga Kaduna. A filin wasan golf yake aiki. Da ɗaukar wa mutane jaka ya fara, har ya kai ga koya wa sababbin shiga. Ya zo da sanda guda ta ƙarfe mai lanƙwasasshen kai da wasu tsofaffin ƙwallaye farare, wai don shi kansa ya riƙa taɓa wasan, kada hannunsa ya kwanta. Kazata ma sai da ta kwanta a kan guda, ta ɗauka ƙwai ne.

Ranar, bayan la'asar, ina tsintar wake ina kallonsa yana ta lilo da sandar, sai na ji sha'awa. Na ce ya ba ni in gwada. Wallahi ba da wata dabara na yi ba. Na kama ta yadda hannuna ya saba kama taɓarya, na ɗaga sama na dako ta ƙasa. Daɓen tsakar gida ya fashe, ƙwallo na nan ko gezau. Sai na ji dariya daga gindin darbejiya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Inna, ba daka ba ne," in ji yaron, shi ma yana dariya.

Ya ɗauke ƙwallon gaba ɗaya. Ya sa na ware ƙafa, hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, ya ce kada sandar ta wuce gwiwata, baya ko gaba. Kafaɗu ne za su juya, hannuwa su bi, kan sandar ya shafi ƙasa kawai. Na yi ta yi, kaɗan baya, kaɗan gaba. Ya tuna mini ajinmu na yaƙi da jahilci, inda sai da muka gaji da zana 'yan gajerun layuka kafin a bar mu mu rubuta harafi. Da ya mayar da ƙwallon, na ji wani ɗan ƙas mai daɗi, ta tashi ta faɗi kusa da kwandon da ya ajiye. Ni mai jikoki, sai ga ni ina tafi.

Daga nan gyara ya fara fitowa daga kujera. Wai ina ɗaga kai. Wai kafaɗa aka ce, ba wuyan hannu ba.

Na ce masa a hankali, "Malam, kai da kake zaune, mi ka sani a ciki?"

Ya dube ni. Ya dafa kujera ya miƙe.

Yaron ya gaya masa hannun hagu ne jagora a wannan wasa, ya durƙusa ya naɗa masa yatsun a kan sandar ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya ɗaga ta sama irin ta bugun dawa, har ya yi tangaɗi, ɗan ya tare shi. Na san halinsa, in ya ji kunya sau ɗaya ya gama. Amma yaron bai nuna komai ba, ya ce, "Baba, iya gwiwa. Inna ma haka ta fara."

Maigida ya ja sandar baya kaɗan, ya dawo da ita. Ƙwallo ta gangara, ba ta ko kai rabin hanya ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa na hagu, yatsun suna nan riƙe, ba su saki ba. Can ya ce, "Miƙo wata."

Sai da aka kira magariba muka raba shi da sandar. Hannun bai koma kamar da ba, amma yau da shi yake riƙe bakin buhu a kasuwa. Ranar na gane cewa abin da ya fi ƙarfin mutum, a rage masa shi har ya zama daidai hannunsa, kuma wani ba a tashe shi da roƙo, sai ya ga abin da zai gyara.

Yaron ya ce zai bar mana sandar. Washegari da safe na share tsakar gida, na ajiye kwandon daidai ƙofar ɗakin maigida. Na yi ta bugu ina ɗaga kai da gangan, ƙwallo na bauɗewa, har na ji shi daga ciki yana cewa a kawo masa takalmansa.