Ɗagen Yaya Binta

Wata Juma'a ce a damanar shekarar da aka fara shari'a a Jigawa, ina aji huɗu, Kawu Sale, ƙanen Innarmu mai jigilar fasinja zuwa Kano, ya shigo gidanmu a Limawa da kaset ɗin bidiyo. A tasha aka sayar masa, wai fim ɗin Indiya ne. Kafin la'asar matan maƙwabta sun cika ɗakin Inna, kowacce da faifan gyaɗar da take ɓarewa, mu yara muna ƙasa gaban talabijin, ƙafafunmu duk taɓon gona.

Ashe ba Indiya ba ne. Wata Baturiya ce ramammiya kamar karan dawa, tana rawa a kan 'yan yatsun ƙafa, sam ba ta sauke dunduniya. Turancin ba mai ji a cikinmu. Muna kallo ta cire takalmi, farcenta ya tsage, jini ya manne da safa, ta sa hannu ta ɓamɓare shi. Na tofar da gyaɗar bakina. Can kuma ta fara ganin wata mace a madubi, tana yagar fatar bayanta, tana kuka tana dariya, masu koya mata rawar kuwa sai tafi suke yi.

"Aljanu ne," in ji Baba Tabawa mai ƙosai. "Duk wanda dunduniyarsa ba ta taɓa ƙasa, hawansa aka yi."

Daidai nan yayata Binta ta gifta ta bakin ƙofa da buta, tana tafiya a ɗage. Tun da ta dawo hutu daga makarantar kwana ta rage magana da cin abinci, har Babanmu ya ce in an gama noma zai kai ta asibiti. Ɗagen kuwa na faso ne, don ni ke shafa mata man kaɗanya a dunduniya kullum da safe. Sai wata daga cikin matan ta kwashe da dariya: "Ga tamu Baturiyar nan!" Na ce faso ne, aka ce in rufe wa mutane baki.

Daga ranar zancen asibiti ya mutu. Aka ɗauko mai ruƙiyya ya kulle Yaya Binta a ɗaki da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, yana daka mata tsawa wai aljanin ya faɗi sunansa. Matan nan suka yi cincirindo a taga, suna ɓare gyaɗarsu kamar kaset ɗin aka sake sakawa. Yaya Binta ba ta koma makaranta ba. Yaran unguwa suka riƙa binta a ɗage suna kiran Baturiya.

Yanzu tana karɓar maganin ƙwaƙwalwa a asibiti, tana ɗinkinta shiru a gidana, ni kuwa nakan tuna yadda take rera mana waƙar makaranta muna surfe. Farcen Baturiyar ya daɗe da daina tayar min da zuciya, dariyar nan ce har yau nake ƙyama. Fason ya warke tun kafin girbi, sunan ne bai warke ba.