Fim ɗin da Darakta ya ajiye saboda ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Darakta bayan jinyar wata bakwai. Ina jingine tsintsiya ke nan a ɗakin ajiya aka faɗa mini. Na nemi bokiti na kifa na zauna.

Darakta, masu ilimi sun rubuta yawan finafinanka da lambobin yabon da ka samu. Ni mai sharar titi ce, a aji shida na tsaya, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Fiye da shekara ashirin kana bin mutanen da ba a waiwaya a kalla: masu fasa dutse, kurame, masu wankin asibiti. Mu kuma ka zo mana shekara huɗu da suka wuce. Sati biyu kana zuwa babu kyamara, sai dai ka karɓi tsintsiya ka shiga layi. Doguwa, babbarmu, takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ƙanena, shara kake yi ko lallashin titin?" Kai kuma ka yi ta dariya har da tari.

A gabana mota ta kwashe Doguwa wata safiya, ta yi ajalinta, direban bai ko rage gudu ba. Kai ka ɗinka mana riguna masu ƙyalli don direbobi su riƙa hango mu. Kai ka mayar da 'ya'yanta uku makaranta, ka gyara mana ɗakin ajiya, ka sa famfo da benci. Da ka ce za ka yi fim a kanta don hukuma ta sa mana shinge a lokacin aiki, na zauna na ba da labari tiryan-tiryan, tunda ni kaɗai na gani.

Kana da wata ƙa'ida da ba ka taɓa karyawa ba: fim ba ya fita sai waɗanda ke ciki sun kalla sun yarda. Ka rataya farin zanin gado a ɗakinmu, ka kunna mana. Da na ga fuskata ta cika bango, ga tsintsiya a hannu, sai 'yata ta faɗo mini a rai. 'Yata tana aure a gidan masu hali. Surukanta sun san ina aiki a ma'aikata, ba su san wane aiki ba. Na ce a cire ni. Ka ce za a iya rufe fuskar, na ce muryar fa? Abokan aikinka suka fusata, suka ce in babu ni babu fim, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Kai kuwa ka naɗe zanin da kanka ka ce, "Yaya, fuskarki taki ce. Zan jira."

Shekara uku kana jira. A cikinsu mota ta sake buge mata biyu a cikinmu, ɗaya har yau da sanda take tafiya. Duk haɗuwarmu, ciwon gwiwata kake tambaya, ba ka taɓa tayar da zancen fim ba. Na je duba ka a asibiti da niyyar in ce na yarda. Na tarar ka rame, numfashi ma da ƙyar, sai na yi maka sannu na fito da maganata a baki.

Na gaji, Darakta. Na gaji da sauya kaya a bayan ƙofa kafin in je gidan 'yata. Shekaranjiya na kira ta na faɗa mata abin da zan yi. Ta ajiye wayar, har yanzu ba ta kira ni ba. Duk da haka, jiya na je gidanka na durƙusa gaban maiɗakinka, na ce a saki fim ɗin da fuskata da muryata, kada a cire komai. Na makara, ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya rufa maka asiri a lahira kamar yadda ka rufa mini a duniya. Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da ta ga wannan rana da tsufanta, da abokan aikinka, ina miƙa ta'aziyyata da ta sauran mata masu shara. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.